Masaukin Ɗalibar Likitanci: Tsakanin Fezzan da Hanyar Bama

Tun zamanin kakanninmu, idan uba ya yi niyyar tura ɗansa gabas neman ilimi, tambayoyi biyu yake fara yi. Ta farko, wane malami ne zai karantar da shi? Ta biyu, a ina zai kwana, kuma wa zai ba shi tuwo? Bahaushe bai taɓa raba waɗannan tambayoyi ba, domin ya san allo ba ya wankuwa a hannun yaron da ya kwana cikin sauro da yunwa. Saboda haka ne ma almajiri yake da malami a tsangaya, yake kuma da uwar ɗaki a cikin gari. Sarakunan wannan ƙasa tamu sun fahimci haka tun da daɗewa. A ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabalemi, mutanen Kanem sun kashe dukiyarsu suka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Masar, don alhazansu da ɗalibansu su sami wurin sauka, kamar yadda masanin tarihi Maƙrizi ya rubuta. Daga baya kuma aka keɓe wa Barnawa sashensu na kwana a Azhar. Wato dai tun kafin a san wani abu wai shi jami'a a ƙasar nan, an riga an gane cewa makwanci wani yanki ne na karatu.

A yau kuwa mun sauya lale. Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun likita, sai gida ya kaure da guɗa, a yi ta kiran 'yan uwa ta waya, wasu ma tun a ranar suke fara ce masa Dakta. Maganar inda zai kwana sai an zo bakin ƙofar makaranta da akwati a kai ake tuna ta. Ai kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake so in ba mai karatu labarinsa shi ne yadda wannan tambaya ta shigo gidanmu a shekarar 2025, ta kusa haɗa ni da mutanen da ba na iya ɗaga ido in dube su.

Gidanmu yana unguwar Fezzan, cikin tsohon garin Yarwa. Wanda bai san Maiduguri ba zai yi mamakin jin sunan wani yanki na kudancin Libiya a tsakiyar Barno. Amma alaƙar ta daɗe. Ta hanyar Fezzan da Bilma ayarin raƙuma ke gangarowa daga Tarabulus zuwa bakin Tafkin Cadi, kuma a Murzuk ta ƙasar Fezzan aka haifi Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi, wanda zuriyarsa ke sarautar Barno har yau. Da Shehu Garbai ya dawo da fadarsa Yarwa a 1907, fataken Larabawa suka biyo shi, suka kafa unguwarsu ba nisa da fada, sunan ƙasarsu ya bi ta. Kakanmu, Bakano mai fataucin tufafi, ya sami fili a cikinsu ya yi gini. A wannan gida aka haife ni, a nan na yi wayo ina jin Hausa a ɗaki, Barbarci a ƙofar gida, Larabcin Shuwa a bakin kasuwa. Iyayenmu sun riga mu gidan gaskiya, yanzu ƙanwar mahaifinmu ce ke riƙe da gidan. Mu muna ce mata Goggo, jikoki kuma Hajiya Kaka.

Yayata tana aure a Azare. Autarta ce Allah ya ba ƙwaƙwalwa, ta ci jarrabawar JAMB da maki mai kyau, Jami'ar Maiduguri ta ɗauke ta karatun likita. Kafin mako ya zagayo, ra'ayi uku suka iso gare ni. Goggo ta aiko cewa ta sa an share ɗakin da ke kusa da nata, an yi masa sabon fenti, an sayo katifa. A wurinta babu ma abin tattaunawa: yarinya mace, tana da gidan kakanninta a gari, me zai kai ta kwana cikin baƙi? Mahaifin yarinyar, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, ya ce shi a kama mata ɗaki ita kaɗai kusa da jami'a, ko da zai sayar da gonarsa ta bakin hanya, don kada kowa ya dame ta. Ita kuma Auta ta yi mini waya da dare, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, “Kawu, ni dai hostal nake so, amma don Allah kada ka ce ni na faɗa.” Yaya kuwa ta tattara duka ta ɗora mini, ta ce, “Kai ne a garin, kai ne kuma malamin jami'a. Abin da ka yanke shi ke nan.”

Ni malamin adabi ne, aikina waƙa da zube da wasan kwaikwayo. Goggo ma kan tsokane ni da Dakta marar allura. Don haka sai na fara da tambayar abokan aikina da ke koyar da likitoci, yaya rayuwar ɗalibinsu take? Abin da na tattaro shi ne, karatun shekara shida ne in ba a sami tsaiko ba, kuma kashi uku ne. Shekarar farko ta kimiyyar share fage ce. Daga nan sai a shiga nazarin ƙirar jikin ɗan Adam, da yadda sassansa ke aiki, da sinadaran da ke gudana a cikinsa, har da aikin feɗe gawa a ɗakin gwaji. A ƙarshen wannan zango akwai jarrabawa mai tsanani, wadda ita ce mashigin asibiti. Wanda ya faɗi ya sake, in ya ci gaba da faɗuwa a sallame shi daga sashen baki ɗaya. Shekarun ƙarshe kuma a asibitin koyarwa ake yin su, ana bin manyan likitoci zagayen marasa lafiya da sassafe, ana kwana a ɗakin haihuwa da na haɗari. Wani daga cikinsu, dattijo mai barkwanci, ya ce da ni, “Malam, yaran da muke sallama ba daƙiƙai ba ne, ai daƙiƙi ba ya shigowa nan. Yawancinsu lokaci ne ya ci su.” Wannan magana ta zauna mini. Sai na ɗauki lokaci ya zama mudun da zan auna kowane masauki da shi.

Na fara da gidanmu, tun da shi ne mafi soyuwa a zuciyata. Jami'ar, wadda aka kafa a 1975, tana kan hanyar Bama, haka ma asibitin koyarwarta da aka buɗe a 1983, sai dai shi ya fi kusa da gari. Wanda ya taso daga Fezzan dole ya ratsa cunkoson da ke kewayen Kasuwar Monday, ya haye kogin Ngadda, sannan ya miƙi hanya. Tun da aka hana acaɓa a Maiduguri a 2011, Keke Napep ne abin hawan talaka, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Wata safiya na ajiye motata, na bi hanyar a keke kamar yadda ɗaliba za ta bi, na sauka na sake hawa wani, na dawo da la'asar cikin rana. Da na lissafa zuwa da dawowa, da jiran abin hawa, da gajiyar da ke biyo baya, sai na ga kowace rana hanya za ta cinye mata abin da ya isa a karanta babi guda. A tara wannan sau kwana biyar a mako, har shekara uku. Ga kuma dare, wanda shi ne lokacin da ɗalibai ke haɗuwa su yi bitar abin da aka koya musu. Mutanen Maiduguri sun sha dokar hana fita a shekarun fitina, kuma ko da yake gari ya lafa, babu uwar da za ta so 'yarta tana neman keke a bakin titi bayan isha'i.

Sai kuma gidan kansa. Gidanmu irin na da ne, zaure biyu, tsakar gida mai faɗi da bishiyar maina, ƙofa a buɗe tun asuba. Baƙi ba sa yankewa: wannan ya zo daga Monguno ganin likita, waccan ta zo daga Kano sayayyar turaren wuta da humra. In ana biki a layi, ga kiɗan daren wushe-wushe har tsakar dare. Kuma 'ya mace a gidan kakarta ba baƙuwa ba ce. Ba za ta zauna da littafi a hannu tana kallon tsohuwa na tuƙa burabusko ba, ko an ce ta zauna, kunya ba za ta bar ta ba. Babu wanda zai zalunce ta a can, ƙauna ce kawai za ta riƙa tsinkar lokacinta kaɗan-kaɗan, yau rakiya gaisuwar mutuwa, gobe zaman suna, jibi a ce Dakta zo ki duba yaron nan jikinsa da zafi, alhali ko allura ba ta taɓa riƙewa ba.

Daga nan na juya ga shawarar surukinmu. Wani dillali ya zaga da ni wajen Mairi, inda ɗalibai suka fi kama haya saboda kusancinta da jami'a. Na ga ɗakuna masu kyau da marasa kyau, amma duka abu ɗaya suka haɗa: kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali, ga na takardar yarjejeniya. Na koyi yin tambayoyin da ba a rubuta su a jikin ƙofa. Ina ruwa yake fitowa? In babu rijiyar burtsatse a gidan, to, kullum sai an jira mai moya da kurarsa. Yaya wuta? Duk wanda ya zauna garin nan yana tuna yadda aka fasa turakun layin Damaturu a watan Janairun 2021, gari ya daɗe cikin duhu, har aka kai ga gina tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2023. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar fanka tanda ne, ba a karatu a cikinsa. Su wa ke zaune a sauran ɗakunan? Wa ke rufe ƙofar gida, kuma da ƙarfe nawa? Malamanmu na zaure kan ce a nemi maƙwabci kafin a nemi gida, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Dillalin ya kuma kai ni wani gida a Gwange, ya ce ai nan ya fi, tun da ga asibiti kusa. Ɗakin ya sha sabon fenti, sai ƙamshi yake yi. Da na leƙa bayan gidan, inda ba a yi fentin ba, sai na ga wani layi mai duhu ya zagaye katanga, tsayinsa ya kai kafaɗata. Wannan shi ne sa hannun ambaliyar 10 ga Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye gadoji ya raba gari biyu, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa kansa. Ina yaro na ga irinta a 1994, shekara talatin cif tsakaninsu. Tun daga ranar nake gaya wa duk mai neman haya a garin nan ya dubi bayan katanga kafin ya dubi cikin ɗaki, ya kuma tambayi tsofaffin layin inda ruwa ya tsaya. Su ba su da la'ada a cinikin, za su faɗa masa gaskiya.

Amma ko da an sami ɗaki mai ruwa da wuta a kan tudu, akwai abin da ya fi damuna. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, wadda ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, a rufe ta cikin ɗaki da littattafai masu nauyin bulo, a garin da ba ta san kowa ba sai mu. In zazzaɓi ya kama ta da dare, wa zai sani? In ta faɗi gwaji ta kwana tana kuka, wa zai ce mata mu ma mun faɗi, tashi mu sake? Shirun da mahaifinta yake so ya saya mata da kuɗin gonarsa, na ga zai iya zame mata kaɗaici. Ga shi kuma gonar ita ce abincin sauran gidan.

Saura hostal. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, ɗakin kwanan ɗalibai a kowace jami'ar gwamnati ta ƙasar nan wuri ne na haƙuri. Masu nema sun fi gadaje yawa, ana layin ruwa, ana layin wanka, wata na son barci wata na son hira. Sai dai yana da abubuwa uku da sauran ba su da su. Yana cikin shingen makaranta, ƙafa ce ke kai mutum aji da ɗakin karatu. Kuɗinsa bai kama ƙafar na haya ba. Na uku, wanda ya fi duka, a can ne za ta haɗu da waɗanda suka riga ta shekara ɗaya ko biyu, masu tsofaffin takardun jarrabawa, masu sanin wane littafi ne ya wajaba a saya, wane ne za a iya aro. Irin wannan ilimi ba a samun sa a allon aji, daga baki zuwa baki yake tafiya, bisa tabarma, bayan sallar isha'i. Na yanke a raina cewa Auta ce ta fi mu gaskiya.

Duk da haka ban ga dalilin yar da Fezzan ba. A cikin hirarmu da likitocin nan, ɗaya ya faɗi abin da ya shafi fannina kai tsaye. Ya ce rabin gano cuta yana cikin sauraron labarin mai ita. Asibitin koyarwa na Maiduguri kuwa yana karɓar mutane daga ƙauyukan Barno da Yobe, har da na Cadi da Kamaru da Nijar. Tsohuwar da aka ɗauko daga ƙauye ba za ta faɗi ciwonta da Turanci ba, wataƙila ko Hausa ba ta ji sosai. Ko ta ji, a kaikaice za ta faɗa, ta ce iska ce, ta ce sanyi ne, ta ɓoye abin da kunya ta hana a ambata gaban ɗan cikinta. Yarinyar da ta tashi a Azare da Hausa da Turanci, ina za ta koyi Barbarci da Larabcin Shuwa, da yadda ake durƙusa wa tsoho, da yadda ake jan zance har a kai ga abin da ake nema? Babu darasin da ke koyar da wannan kamar tsakar gidan Goggo, inda kullum akwai mai jinya da ya sauka. Abin da na lissafa a matsayin ɓata lokaci ga 'yar aji biyu, shi ne zai zama jari ga 'yar aji biyar.

Ranar da zan gaya wa Goggo, na je bayan la'asar, na zauna a bakin tabarmarta, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Ɗan nan, faɗi abin da ya kawo ka. Kun hana ni kishiyata ko?” Na ce, “Goggo, wane ni in hana ki? Roƙo na zo yi. Ki ba makaranta aron ta daga Litinin zuwa Juma'a, in an sauko masallaci ni da kaina zan kawo miki ita, ta kwana biyu, in mayar da ita ranar Lahadi.” Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, “Mutane za su ce gidan Alhaji ya kasa riƙe jikarsa.” Nan ne ainihin ciwon yake, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A unguwa irin tamu, gidan da baƙo ya tsallake ya sauka wani wuri an yi masa tabo. Na ce, “Goggo, lokacin da Baba ya tura ni tsangaya ina yaro, a can nake kwana, ga gida kusa. Wa ya ce gidan Alhaji ya kasa riƙe ni?” Ta harare ni ta ce, “Kai namiji ne.” Na ce, “Ita kuma likitar mata za ta zama in Allah ya so. Ke ce kullum kike cewa kin gaji da bayyana wa maza ciwonki.” Ta yi dariya ba don ta so ba, ta ce, “Dakta marar allura, bakinka ya fi allura.” Sannan ta kafa sharuɗɗanta: ɗakin nan na yarinyar ne, ba za a sauki kowa a ciki ba, duk Lahadi za ta tafi da yajin daddawa da soyayyen nama, in kuma aka tafi yajin aiki, irin na 2022 da ya ɗauki wata takwas, ba Azare za ta koma ba, nan za ta zauna. Na amsa duka. Surukinmu ya ɗan yi gunaguni a waya, amma gonarsa tana nan, an kuma noma ta a daminar.

Allah ya taimake mu Auta ta sami gado, bayan mun cika takardu tun ranar da aka buɗe. Ba na cewa abin da muka yi shi ne daidai ga kowa. Wani ɗalibin ba shi da kowa a gari, wani ma'auraci ne da iyali, wata kuma ba ta sami gadon ba dole ta kama haya da ƙawayenta. Kuma mu kanmu mun san zaɓin na zango ɗaya ne. In ta haye jarrabawar nan ta koma asibiti, lissafi zai sake, domin a lokacin kusanci da ɗakin marasa lafiya ne zai zama mudu, sai mu sake zama.

Abin da nake roƙon ɗalibanmu da ke da ƙanne masu tasowa, da 'yan uwana malamai da ake turo wa 'ya'yan dangi kowace shekara, shi ne mu ɗauki wannan tambaya da nauyinta. Mu bi hanyar da ƙafarmu kafin mu ce kusa ne. Mu tambayi ruwa da wuta da maƙwabta, mu dubi bayan katanga. Mu saurari yaron da zai yi kwanan, domin sau da yawa shi ne na ƙarshe da ake tambaya. In kuma akwai tsohuwa a gari da ta share ɗaki, kada a bar ta da ɗaki a share, a nemi yadda za a ba ta rabonta. Makon jiya da na je ɗauko Auta ranar Lahadi, na tarar da ita a gindin maina tare da wata baƙuwa da aka kawo daga Dikwa, tana tambayar ta da gurguwar Barbarci inda ke yi mata ciwo, matan gida suna ta dariya suna gyara mata.